Ƙudajen zuman da ba sa shiga amya

Wannan jawabi ne da wani malamin gona ya yi wa manoma 'yan gudun hijira da masu masaukinsu a Dapaong. Mun buga shi domin waɗanda ba su samu zuwa ba. Wanda ya iya karatu ya karanta wa maƙwabcinsa.

Iyayena maza da mata, 'yan'uwa baƙi da 'yan gari. Na san wasu sun baro aiki, wasu sun baro tukunya a wuta, don haka ba zan ja ku da nisa ba.

An ce in yi magana a kan ƙudan zuma, kuma na ga wasu sun gyara zama suna jiran a ce za a raba amya. Ba rabon amya ya tara mu ba. Magana ce a kan ƙudajen da ba su taɓa shiga amyar kowa ba, waɗanda da yawanku kuke kora da hannu in sun sauka muku a fuska, alhali suna da hannu a buhun riɗin da kuka kai kasuwa.

Mu in mun ce ƙudan zuma, guda ɗaya muke nufi, wanda aka ce da zaƙi da harbi. Masana kuwa sun ƙidaya iri wajen 20,000 a duniya. A 2010 masana biyu, Connal Eardley da Rosalind Urban, sun tattara sunayen na Afirka kudu da Sahara, suka samu sama da iri 2,700. Wannan na amya iri ɗaya ne tak a cikinsu. Sauran mafi yawansu ba su da sarki, ba su da runduna, ba sa tara zumar da mutum zai ɗiba. Mace ɗaya ce take haƙa ɗan rami a ƙasa, ko ta shiga cikin busasshen kara, ta tara garin fure, ta yi ƙwai a kai, ta toshe ƙofa. Shi ke nan gidanta.

Kun san wasunsu, suna ne kawai ba a sa musu ba. Akwai galla, 'yar mitsitsiyar nan baƙa da take damun mutum a ido da kunne lokacin zafi tana neman gumi. Ba ta harbi, kuma ita tana zama da jama'a a kogon itace ko tsagar bango, tana yin 'yar zuma mai ɗan tsami. Akwai ƙaton nan mai ƙugi da yake huda azara da gora, mata suna tsine masa saboda garin itacen da yake zubowa cikin ɗaki. Akwai mai yanka ganye: in ka ga gefen ganye an fitar masa da da'ira sumul kamar da almakashi, aikinta ne, da shi take shimfiɗe ɗakin 'ya'yanta. Har akwai masu bin ciyawa. Wani masani ɗan Beljiyam, Alain Pauly, wanda ya zagaya Afirka ta Yamma a 1979 da 1980 yana kama ƙudaje, ya rubuta littafi guda a 2014 a kan wani dangi da ake kira Lipotriches. Da yawa daga cikinsu garin furen ciyawa suke kwasa da sassafe, kafin rana ta ɗaga sun tashi aiki. Wanda bai yi sammako ba zai shekara a gona bai gan su ba.

To me ya haɗa su da tukunyarmu? Fure ba ya zama ɗa sai garin namiji ya kai ga mace. Wannan shi ne barbarar fure. Gero da dawa da masara iska ce take yi musu, shinkafa da gyaɗa su suke yi wa kansu, rogo da doya kuwa ba ta iri ake shuka su ba. Don haka ba zan tsaya nan in ce muku in babu ƙudan zuma babu tuwo ba. Tuwo yana nan. Miya da kuɗin kashewa su ne a hannun ƙudaje. Kabewa da kankana da duma furen namiji dabam, na mace dabam, in ba wanda ya ɗauko ya kai, ɗan zai yi rawaya ya faɗi tun yana ƙarami. Riɗi da auduga da kuɓewa suna iya yi wa kansu, amma ba kamar in an taya su ba.

Nawa ne bambancin? An auna, kuma a ƙasar da yawancinku kuka fito aka auna. Wata masaniya daga jami'ar Würzburg ta Jamus, Katharina Stein, tare da Drissa Coulibaly da wasu abokan aiki, sun yi aiki a gonakin ƙananan manoma a Dano da Bontioli da Nazinga, a kudancin Burkina Faso. Dabarar ba ta da wuya, ko yaro zai gane. Sun rufe wasu furanni da 'yar jakar raga tun kafin su buɗe, yadda ƙwaro ba zai shiga ba, suka bar wasu a sake. Da kaka ta yi suka auna. Sakamakon ya fito a 2017: inda aka hana ƙudaje shiga, auduga ta ragu da kashi 37 cikin 100, riɗi kuwa da kashi 59. Mu mai da shi buhu. Mai samun buhu 10 na riɗi zai tashi da 4 da ɗan ɗori. Mai ɗauri 10 na auduga zai tashi da 6 da ɗan ɗori. Taki ɗaya, ruwan sama ɗaya, wahala ɗaya. Kuma irin da aka samu daga furen da ya yi wa kansa barbara bai tsira da kyau ba da aka shuka shi, wato hasarar tana bin mutum har shekara mai zuwa. Ku masu ajiye iri a tulu, wannan taku ce.

Mutanen nan sun kuma so su san su wane ne ke wannan aiki. Suka ajiye ƙananan kwanuka masu launi, fari da rawaya da shuɗi, da ruwa a ciki, ƙudan ya ɗauka fure ne ya faɗa. Da haka suka tara ƙudaje sama da 35,000 a daji da gonaki, suka tantance iri 97. Abin da ya fi tsaya mini a rai cikin rahotonsu na 2018 shi ne wannan: da damina, lokacin da gonaki suka cika da fure, ƙudajen daga daji suke kwararowa cikin gona. Gona wurin cin abincinsu ce na 'yan watanni. Gidansu da abincinsu na rani suna cikin sauran dajin da ke gefe.

Iyayena mata, ga taku. Kaɗanya da rani take fure, cikin hunturu zuwa farkon zafi, lokacin da ƙasa ta bushe. Jane Stout da Aoife Delaney na jami'ar Trinity da ke Dublin sun bi kaɗanya a Gana da Burkina Faso tare da masana na can. Sun ga masu zuwa furenta su ne ƙudan amya da dangin galla, kuma in an hana su zuwa 'ya'ya suna raguwa. A binciken da suka fitar a 2020 daga kudancin Burkina sun ga itatuwa da yawa ba sa samun barbarar da ta ishe su, sun kuma ga kaɗanyar da take tsakiyar itatuwa da kurmi iri-iri ta fi samun masu ziyara a kan wadda aka share mata kewaye aka bar ta da 'yan'uwanta kaɗai. Dalili a fili yake. Kaɗanya makonni take fure, ƙuda kuwa kullum sai ya ci. In babu gawo da tsamiya da ɗorawa da ƙananan itatuwan da za su riƙe shi sauran watanni, ranar da kaɗanya ta buɗe ba za ta same shi ba. Ita ɗorawa, tun da na ambace ta, jemage ne yake mata aiki da dare, ƙudan zuma ya karɓa da magariba da asuba. Mai son daddawa ya rage jifan jemage.

Wani zai ce, malam, ai ga dajin gwamnati nan, Fosse aux Lions kusa da mu, Fazao-Malfakassa can yamma da Sokode, su zauna can mana. Ƙudan amya yana iya tafiyar kilomita da yawa neman fure. Ƙananan nan kuwa galibinsu 'yan ɗaruruwan mita ne iyakarsu daga bakin rami. Wanda yake Fazao ba zai zo wa mai yazawa a Tchamba aiki ba, balle mai riɗi a Cinkassé. Ƙudan da zai yi wa gonarka aiki yana kwana ne inda in ka tsaya a tsakiyar gonar za ka iya hango wurin.

Kada kuma ku raina wannan ƙasa don ta bushe. Daga nan zuwa Sokode kusan kilomita 300 ne, kuma duk wanda ya bi hanyar ya ga yadda itatuwa suke ƙara duhu in an wuce Kara. Ido zai ce can ne ƙudaje suke. To a 2020 Michael Orr da abokan aikinsa sun fitar da taswirar ƙudajen zuma ta duniya, suka ga irinsu ya fi yawa a busassun ƙasashe a kan dazuzzuka masu lema, saɓanin yadda yake ga yawancin halittu. Masu haƙa rami suna son ƙasa mai yashi da ba ta jiƙa kullum. Sun kuma nuna Afirka tana cikin wuraren da aka fi ƙarancin tattara bayani. Sokode tana da nata, masu son inuwa da kogon manyan itatuwa, Dapaong tana da nata, kuma fili fetal ɗin nan da kuke gani kamar ba kowa, a ƙarƙashinsa akwai masu jiran ruwan farko.

Yanzu ga inda maganar take da nauyi. Na san yadda kuke zaune. Gonar aro ce, itacen da ke cikinta na mai ƙasa ne, itacen girki kullum ƙara nisa yake, kuma gawayi yana kawo kuɗi yau, ba sai kaka ba. Wanda ya baro gidansa da rumbunsa, ba ni da bakin da zan ce masa ya kwana da yunwa saboda ƙwaro. Amma akwai abin da ba ya cin ko dala. In za a yi itace, a sari reshe a bar gindi, kuma kaɗanya da ɗorawa kada a taɓa su sai da yardar mai ƙasa. Wannan ko ba don ƙuda ba, kun san irin rigimar da yake jawowa tsakanin baƙo da mai masauki. In kun ga tsohon kututture mai ramuka, ko gefen kunya inda ƙananan ƙudaje suke shiga suna fita, a kewaye shi da garma. Ciyawar iyakar gona, a bar mata taku ɗaya ko biyu, kada a bi ta da maganin kashe ciyawa har gindin shinge.

Wuta ita ce ta fi ci mini rai. Ana cinna wa daji wuta da rani don ɓera ko zomo, daidai lokacin da kaɗanya da mangwaro da yazawa suke fure. Wutar tana cinye karan da 'ya'yan ƙudaje suke kwance a ciki, tana ƙona furen ƙananan rassa. Haka mai ɗibar zuma da dare da damin ciyawa mai ci: ya sha sau ɗaya, ya kashe gidan, wani lokacin ya bar wa gari gobara. Hayaƙi ya isa, ba sai harshen wuta ba, kuma a bar musu saƙar da ke da 'ya'ya. Galla kuwa ana sare itace guda don zumar da ba ta cika ƙoƙo ba. A Gana, kusa da dajin Kakum, Farfesa Peter Kwapong na jami'ar Cape Coast ya kafa cibiya inda ake kiwon irin waɗannan marasa harbi a cikin ƙananan akwatuna, ana ɗibar zumarsu gidan yana nan.

Sai feshi. Furen kabewa da asuba yake buɗewa, kafin azahar ya rufe. Na auduga da na kuɓewa da safe suke buɗewa, kwana ɗaya ne ransu. Wato safiya ita ce kasuwar ƙudaje, kuma ita ce lokacin da yawancinmu muke goya famfo. In feshi ya zama dole, a bari sai la'asar sakaliya, iska ta kwanta. Maganin da aka bayar don auduga na auduga ne, kada a juye ragowarsa a kan wake da kayan miya, wannan ma don cikin 'ya'yanku ne kafin ƙuda. Kada a wanke famfo a tafki ko gindin rijiya, nan suke shan ruwa da rani, nan ma awakinku suke sha. Wanda bai gane rubutun jikin kwalba ba ya kai wa malaman gona na ICAT su karanta masa.

Abu biyu na tsaro kafin in zauna. Kun san wannan yanki na Savanes an sa masa dokar ta-ɓaci a watan Yuni na 2022. Kada neman zuma ko itace ya kai kowa daji mai nisa, musamman da dare, kuma a bi abin da hukuma ta ce game da wuraren da ba a shiga. Na biyu, a hana yara jifan taron ƙudan zuma in ya sauka a itace, galibi hutawa yake, zai tashi da kansa. Wanda aka harba ya ga fuska ko leɓe yana kumbura, ko numfashi yana masa wuya, a kai shi asibiti nan take, kada a tsaya shafe-shafe.

Mai kabewa a bayan ɗaki, gobe bayan sallar asuba ya je ya tsuguna gaban fure guda na ɗan lokaci, ya ƙidaya iri nawa suka shiga, manya da ƙanana. In mun sake haɗuwa ina son in ji lissafin kowa, da unguwar da ya gani. Yanzu mai tambaya ya ɗaga hannu, mu fara da ɓangaren mata.