Mai jego, a duba ƙafa

Ina gaida ƴan makarantar yaƙi da jahilci na Damargu, daga Tanut har Balbeji. Yau hirarmu a kan gudan jini ce, wanda yake toshe huhu.

Jini yana gudu cikin jijiyoyi ba ya tsayawa. In mutum ya daɗe kwance, ko ya daɗe zaune, gudun jini a ƙafa yana raguwa. Daga nan yana iya daskarewa ya yi guda cikin jijiyar sha-raɓa ko ta cinya. Wata rana gudan ya ɓalle, ya bi jini ya ratsa zuciya, ya je ya maƙale a huhu. Nan ne haɗarin yake.

Wa abin ya fi kamawa? Wanda aka yi wa aiki a asibiti, da mai karaya, da wanda ya yi doguwar tafiya a mota, kamar ta Agadas, bai miƙe ƙafa ba. Amma ni mai jego ta fi damuna. Cikin mako 6 bayan haihuwa jininta yana saurin daskarewa, ga shi kuma lokacin ne ake ce mata ta zauna ɗaka har arba'in. Uwargida, ki huta, amma ki riƙa tashi kina takawa a tsakar gida, kina shan ruwa.

Ku duba ƙafafunta. In ɗaya ta kumbura ita kaɗai, tana zafi, tana ciwo, kada a murza ta, kada a kira wanzami. Murza tana iya ɓalle gudan. A tafi gidan likita a ranar nan.

In kuwa numfashi ya sarƙe farat ɗaya, ƙirji yana suka, zuciya tana bugawa da sauri, ko tari ya fito da jini, to kada a jira wayewar gari, kada a ce iska ce. Maigida, nemi mota. Daga Tanut zuwa babban asibitin ƙasa na Damagaram wajen kilomita 150 ne, ba kusa ba. In likita ya ba ku takardar tura mara lafiya, ku riƙe ta da kyau.

A can za a ɗauki hoton ƙafa da na ƙirji, a sa mata iskar numfashi in ta kama, a fara allurar heparin mai hana gudan girma. Bayanta sai ƙwayoyin tsinka jini, wata 3 ko fiye. Kada a daina don an ji sauƙi. Mai shan su ba ya yin ƙaho ko tsaga, ba ya sayen aspirin a tebur, don jini yana iya ƙin tsayawa.

To, ku ɗauki alli ku rubuta: ƙafa, jini, huhu. Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.