MAKARANTA A BISA TEKU

(Jawabin da wani ɗalibin shekara ta uku ya gabatar a zauren ƙungiyar ɗalibai, bayan komowarsa daga zangon karatu guda a cikin jirgin ruwa.)



Tun ran da na komo, tambaya guda ake yi mini a aji da ɗakin cin abinci: "Ƙasa nawa ka je?" In na ce goma, sai a riƙe baki. Har yau ba wanda ya tambaye ni kwana nawa na yi a kowacce. Amsar ita ce huɗu, wani wuri biyar, in an daɗe shida. A kan wannan tambaya ta biyu nake so in yi magana, amma bari in fara gaya muku irin makarantar da na shiga, don na san akwai masu zaton yawon shan iska na tafi.

Shirin na Amurkawa ne, sunansa Semester at Sea, watau zangon karatu a teku. Tunanin ba na yau ba ne. A 1926 wani jirgi mai suna Ryndam ya ɗebi ɗalibai wajen 500 daga Amurka, ya zaga duniya da su cikin wata bakwai da 'yan kai. Shirin na yanzu kuwa a 1963 ya soma. A 1970 wani attajirin jiragen ruwa na Hong Kong, C. Y. Tung, ya sayi tsohon jirgin nan Queen Elizabeth don ya mai da shi jami'a sukutum, amma ana cikin gyara, a Janairun 1972, gobara ta cinye shi a tashar Hong Kong, bai ɗauki ko ɗalibi ɗaya ba. Sai attajirin ya ba da wani jirgin. Kullum akwai jami'ar kan tudu da ke tsaya wa karatun, ita ke ba da sakamako: Jami'ar Pittsburgh ta riƙe daga 1981 zuwa 2006, ta Virginia ta karɓa har 2016, sa'an nan Jami'ar Jihar Colorado. Jirgin da muka shiga, World Odyssey, a Jamus aka ƙera shi a 1998, tsawonsa kamar mita 175.

Ku riƙe wannan mita 175 ɗin, domin ita ce iyakar duniyarmu har kwana ɗari da ɗoriya. A nan jami'armu, in ka ɓata da abokin ɗakinka, sai ka shiga gari ka sha iska, kafin ka dawo zuciya ta huce. A jirgi ba gari. Ɗakin kwananmu bai fi shagon tela ba, gado biyu da ƙaramar taga, abokin zamana kuwa wani yaro ne daga Texas wanda bai taɓa ganin mutum yana alwala ba. Zo mu zauna, zo mu saɓa. Mun saɓa a kan fitila, mun saɓa a kan jiƙa daɓen makewayi, kuma dole muka shirya, gama ba inda ɗayanmu zai tafi.

Karatun na gaske ne. Muddin jirgi yana tafiya akwai lacca, ba Asabar ba Lahadi. An raba kwanaki biyu ne kawai, ranar A da ranar B. Hutunka shi ne ranar da aka tsaya a tasha, ita ma sau da yawa malami zai kwashe ajinsa ya kai su kasuwa ko gidan tarihi, a komo a rubuta rahoto. Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne zaman malami da ɗalibi. Tebur guda kuke cin abinci. Farfesan da ya tsare ka da tambaya da hantsi, shi ne za ka gani da la'asar ya riƙe ƙarfen bene, fuska ta yi fari fat, ciwon teku ya kama shi. Wanda ka gani yana amai, ba ka ƙara jin tsoron yi masa tambaya. Ina roƙon malamaina da ke zaune a nan kada su ɗauka shawara nake bayarwa.

Ni ma ciwon bai bar ni ba. Kwana uku na farko ban san gabas ba ban san yamma ba. Tsofaffin ma'aikatan jirgin sukan yi mana dariya, su ce wannan ba kome ba ne, su tuna mana Janairun 2005, lokacin da wata taguwar ruwa mai tsawon ƙafa 50 ta bugi jirgin shirin na wancan zamani, Explorer, a arewacin tekun Pasifik, ta fasa tagar ɗakin tuƙi, har aka lallaɓa da shi zuwa Honolulu. Ko da na warke, gabas ɗin ba ta tsaya wuri guda ba. Alƙiblar da na yi azahar da ita ba lalle ta kai ni la'asar ba, sai na sake duba allurar nuna jiha. Sa'ad da muka juya muka nufi Asiya kuma, dare bayan dare a kan ce a tura agogo gaba da awa guda, yini ya koma awa 23, barci ya ragu, jarrabawa kuwa tana nan inda take. Na abinci ba zan ja ba: taliya da dankali, dankali da taliya. Gwangwanin yajin da gyatumata ta cusa mini a jaka, wanda na so in bari don kunya, shi ya yi mini abokai fiye da Turancina.

To, yanzu ga abin da ya kawo ni gabanku. Kafin mu iso Afirka ta Yamma mun tsaya a Kasabalanka ta Maroko. Kwana biyar na yi, na cika shafi goma sha biyu na littafina da hukunci: mutanen Maroko kaza ne, halinsu kaza ne, matsalar ƙasarsu kaza ce. Na ji daɗin kaina ƙwarai. Na ce lalle tafiya mabuɗin ilmi.

Daga nan sai Tema, babbar tashar jiragen ruwa ta Gana, wadda aka buɗe a 1962 zamanin Kwame Nkrumah. Ban taɓa zuwa Gana ba, amma da na shiga unguwar Nima a Ankara sai na ji kamar an sauke ni a gida. Na yi sallama da Hausa aka amsa mini da Hausa, na sha koko da ƙosai a bakin titi, na ci abin da suke kira waakye, wanda ba wani abu ba ne illa shinkafa da waken nan namu, har sunan ma daga bakinmu ya fito. Wani dattijo ya zaunar da ni ya ba ni labarin kakansa, bafataken goro, wanda ya biyo hanyar Gwanja bai koma ba. Kashegari ajinmu ya tafi Elmina, ganuwar da Turawan Fotugal suka gina a 1482, inda aka riƙa tsare bayi kafin a haye teku da su. A cikin kurkukun nan na tuna cewa Salaga, kasuwar goron da fatakenmu ke alfahari da ita, kasuwar bayi ce kuma. Ban gaya wa kowa ba ran nan. Daga baya na faɗa a aji, muryata tana rawa.

Daren da jirgi ya tashi daga Tema aka taru, kamar yadda aka saba, kowa ya faɗi abin da ya gani. Wata yarinya, mai kirki ce kuwa, ta miƙe ta ce ta gano cewa mutanen Afirka ba su da kome amma kullum cikin murna suke. Aka tafa mata. Wani ya ce yanzu ya fahimci dalilin talaucin nahiyar duka. Kwana huɗu! Raina ya ɓaci, na ɗaga hannu zan yi musu kaca-kaca, sai na tuna shafi goma sha biyun nan nawa. Me ya raba ni da su? Ni ma direban tasi biyu da mai sayar da darduma ɗaya na yi hira da su, na yanke wa ƙasa guda hukunci. Da akwai Bamaroke a zauren da zan karanta littafina, da haka ransa zai ɓaci. Na sauke hannuna.

Ba cewa nake yi gani bai kori ji ba. Ya kora. Amma ganin kwana huɗu yana da wata illa wadda ji ba shi da ita: wanda ya ji labari ya san bai gani ba, shi kuwa wanda ya leƙa sai ya ɗauka ya sani. Yayyenmu ma'aikata, ku gafarce ni, kun san jami'in da ake turawa kwas na mako biyu a ƙasar waje, ya dawo ba a isa a yi masa musu a kan ƙasar ba har ya yi ritaya. Daga Tema na sake yadda nake rubutu. A Kef Taun da Mombasa da Kochi ta Indiya, shafin hagu na abin da idona ya gani ne, da wanda ya gaya mini, da inda muka tsaya. Shafin dama kuwa tambayoyi ne zalla. Na dawo da tambaya ta fi ɗari, kuma su ne suka sa na canja batun kundin da zan rubuta a shekarar ƙarshe.

Saura magana biyu ga masu sha'awar nema, gama na ga wasu suna rubutu. Ta farko kuɗi. Zango guda ya haura dala 25,000, ban da guzurin tasha, kuma ba don tallafin karatu da na samu ba, da ko a mafarki ban taka jirgin ba. Saboda haka yawancin ɗaliban 'ya'yan masu hali ne na Amurka, mu 'yan Afirka ana ƙirga mu da yatsu, masu yi mana shara da girki kuwa akasarinsu mutanen Filifin ne da ke wata da watanni ba su ga iyalinsu ba. Ta biyu biza. Abokin ɗakina yakan nuna fasfonsa kawai ya wuce a mafi yawan tasoshi. Ni kuwa tun ina gida na yi ta zarya a ofisoshin jakadanci, ɗaya kuma ya hana ni. Kwana biyar jirgi yana tsaye a wannan ƙasa, ina bisa bene ina hangen fitilun birnin, abokaina suna dawowa da tsaraba. A kwanakin nan ne na san sunayen masu dafa mana abinci, na kuma koyi fiye da abin da na koya a tashoshi biyu.

Wanda ya yi niyya, kafin ya cika takarda ko ɗaya, ya fara zuwa wurin shugaban sashensa ya karɓo a rubuce cewa za a lissafa masa darussan da zai yi a jirgi. Ya fara neman biza da wuri, wata shida ba su yi yawa ba. Littafin nawa yana nan tare da ni, har da shafukan Maroko, ban yage su ba, duk mai so ya zo ya duba bayan an tashi.