Allon Da Ya Fi Hannun Mai Shi Ƙarfi

Yau za mu leƙa Amurka, inda gardama ta kaure a kan wani wasa da ake kira pikilbol.

A 1965 aka ƙago wasan a tsibirin Bainbridge, kusa da birnin Siyatil. Ya ɗan yi kama da tanis, sai dai filinsa ƙarami ne, ƙafa 44 a tsawo, 20 a faɗi, ƙwallon kuma ta roba ce mai huje-huje. Abin bugun wani ɗan allo ne mai mariƙi, wanda da farko da katako ake yin sa. Yanzu kuwa cikinsa roba ce mai kama da saƙar zuma, an lulluɓe ta da zaren kabon, kuma a nan rigimar take.

Dokar girma ba ta da wuya: kada allo ya wuce inci 17 a tsawo, kada tsawo da faɗi a haɗe su wuce 24. Kowane alƙalin wasa zai iya aunawa. Abin da ido ba ya gani shi ne matsala. In fuskar allo ta cika kaushi, sai ƙwallo ta yi ta juyi kamar katantanwa. Saboda haka ne hukumar USA Pickleball ta hana wasu alluna na kamfanin CRBN a 2022. In kuma fuskar ta saki daga cikin, ko saƙar ta murƙushe, sai allon ya zama tamkar fatar ganga, ya riƙa cilla ƙwallo da ƙarfin da ba na hannun mai shi ba. A 2024 hukumar ta soke wasu alluna na JOOLA, ta ce ba irinsu aka kawo mata gwaji ba, kamfanin kuwa ya kai ƙara kotu.

To, ina ruwan lafiya da wannan? Ku tuna, akwai layi ƙafa 7 daga raga ta kowane ɓangare, kuma a bakinsa gwanaye suka fi tsayawa. Ke nan ƙafa 14 kacal ke tsakanin abokan karawa, fuska da fuska. A irin wannan kusanci, ƙwallon da ta ƙara sauri za ta iya riga hannu isa ga ido, ga shi kuwa tsofaffi da yawa ne ke wannan wasa.

A ganina, hatimin hukuma a jikin allo bai isa shaida ba, domin allon da ya ci gwaji yana sabo zai iya ƙetare iyaka bayan ya sha bugu, mai shi ma bai sani ba. Tun ƙarshen 2024 hukumar ta fara auna ƙarfin da allo ke mayar wa ƙwallo. Amma wannan gwaji na manyan na'urori ne, ƙananan gasa na unguwa kuwa ba su da su. A can, ɗan wasa ba shi da abin dogaro sai kunnensa, don allon da ya lalace amonsa yakan sāke, sai kuma tabarau na kariya in ya ga dama ya sa.