Cire Injekta a Sa Kafireto: Gyara Ne ko Ɓarna?



Abin da za mu yi magana a kansa yau, wani zai ga kamar zancen gareji ne, bai cancanci a kawo shi zauren jami'a ba. Amma da yawa daga cikin waɗanda ke zaune a nan, in Allah ya yarda, ba da daɗewa ba za su tara albashi su sayi motar farko, kuma mun san ba sabuwa za su saya ba, ta hannu ce. Ran da motar nan ta fara shaƙewa a kan hanya, akwai yiwuwar bakanike ya duba ta, ya girgiza kai, ya ce: "Oga, injektan nan shi ne ciwonta. Mu cire shi mu sa kafireto, ko mu sauke injin gaba ɗaya mu ɗora na da, ka huta." Amsar da mutum zai ba shi a wannan lokaci za ta shafi aljihunsa shekara da shekaru, wani lokaci ma har da ransa.

Bari mu fara da abin da injin mota ke bukata. Fetur ba ya ci shi kaɗai, sai an gauraya shi da iska, kuma gaurayen yana da ƙa'ida. Domin fetur ya ƙone ƙurmus, kowane kilo ɗaya nasa yana neman iska kilo 14.7. In mai ya yi yawa, ragowar ta fita ta salansa a matsayin baƙin hayaƙi, watau kuɗi ke nan ake watsarwa a titi. In iska ta yi yawa, inji ya rasa ƙarfi, ya yi zafi fiye da kima. Kafireto da injekta duka wannan awo suke yi, hanyarsu ce ta bambanta.

Kafireto dabara ce mai sauƙi ƙwarai. Iskar da fistin ke zuƙowa tana bi ta wani maƙogwaro da aka tsuke a tsakiya. Tana isa wurin tsukewar sai gudunta ya ƙaru, matsinta ya ragu, ta janyo fetur daga wani ɗan kwano ta cikin ƙaramar kafa. A cikin kwanon akwai wani abu mai yawo a bisa mai, wanda ke tura allura ta toshe hanya in kwano ya cika, daidai da yadda tankin ban-ɗaki na zamani ke tsai da ruwa. Ba waya, ba kwamfuta. Aibinsa kuwa shi ne, girman kafar nan ɗaya ne kullum, alhali iska ba ɗaya ba ce kullum. Iskar Jos, inda tudu ya kai wajen mita 1,200, ta fi ta bakin teku sakayau da kimanin kashi ɗaya cikin goma. Haka kuma tsakanin asubar hunturu da tsakar ranar bazara a Sakkwato akwai bambanci kusan irin wannan. Kafireto bai san an hau dutse ba, bai san gari ya yi zafi ba. Abin da bakanike ya saita masa da sukuddireba a gindin bishiya shi zai yi ta bayarwa.

Injekta kuwa fesa mai yake yi da ƙarfin famfo, kwamfutar mota, wadda makanikai ke kira ƙwaƙwalwa, ita ke faɗa masa tsawon lokacin da zai buɗe. Tana samun labari daga na'urori masu auna yawan iskar da ke shiga, da zafin ruwan inji, da yadda direba ya taka totur, da saurin juyawar inji. Akwai kuma wata a jikin bututun hayaƙi mai shinshinar ragowar iskar oksijin, ta gaya wa kwamfuta ko awon da ta yi ya yi daidai, ita kuma ta gyara nan take, sau da yawa cikin daƙiƙa guda.

Wannan fasaha ba sabuwa ba ce kamar yadda ake zato. Mercedes 300SL ta 1954 da injekta ta fito. Kamfanin Bosch na Jamus ya sa irin mai aiki da lantarki a Volkswagen 1600 a 1967, kuma Volvo ta fara amfani da na'urar shinshinar hayaƙi a 1976. Ko Peugeot 504, wadda aka fara haɗawa a Kaduna a 1975, tana da 'yar'uwa mai injekta a Turai tun fitowarta a 1968, amma mai kafireto ce ta cika hanyoyinmu. Abin da ya kori kafireto daga ƙasashen Turawa doka ce. Amurka ta tsananta dokar tsabtace iska a 1970, daga 1975 yawancin sababbin motocinta suka zo da tukunyar tace hayaƙi, Turai kuma ta kafa ƙa'idar Euro 1 a 1992. Tukunyar nan irin ta zamani ba ta aiki sosai sai awon mai da iska ya tsaya daf da 14.7 ɗin nan, abin da kafireto ba ya iyawa. Daga farkon shekarun 1990 sababbin ƙananan motoci masu kafireto suka ɓace daga kasuwannin can.

Mu kuwa a daidai wannan lokaci ne muka daina iya sayen sabuwar mota. Bayan shirin gyaran tattalin arziki na 1986 darajar naira ta faɗi, ma'aikacin da dā ke karɓar rancen mota ya je ya ɗauko sabuwa fil, ya koma jiran 'yar Beljiyam da aka sauke a Legas ko Kwatano. Motocin suka iso, amma ba su zo da littafin gyara ba, ba na'urar bincike, ba wanda aka koya wa aikinsu. Bakaniken da ya yi shekara ashirin yana kwance kafireto ido rufe, ya buɗe bonet ya tarar da wayoyi kamar saƙar gizo-gizo. A nan ya kamata mu yi masa adalci. Wanda ya cire injekta a 1995 ba wawa ba ne. Kayan gyaran injekta ba su samuwa, tsofaffin kafireto kuwa ga su jibge a Ƙofar Ruwa ta Kano da Panteka ta Kaduna. Fetur na lokacin yana da darma a ciki, wadda ke kashe na'urar shinshinar hayaƙi da tukunyar tacewa, kuma sai a farkon 2006 ƙasashen Afirka kudu da Sahara suka gama daina sayar da irinsa. Ga wahalar mai, ga 'yan bumburutu da galan mai tsatsa da gauraye. Direban da ke bin dajin da ba gari kusa, gara masa abin da zai kwance ya hura da baki ya mayar. Wannan hujja ce mai ƙarfi a zamaninta. Tambayar ita ce ko tana nan da ƙarfinta.

To, me ke faruwa in aka ɗora inji mai kafireto a motar da aka ƙera domin injekta? Abu na farko, kuma shi ne muke roƙon kowa ya riƙe ko da zai manta da sauran, shi ne famfon mai. Famfon motar injekta, wanda galibi yana nutse cikin tanki, yana turo fetur da matsin da ya kai wajen bar 3, watau fiye da iskar da ke cikin tayar motar. Allurar kafireto kuwa an yi ta ne domin matsin da bai kai rabin bar ba. In aka haɗa tiyon kai tsaye, mai zai ture allurar, kwano ya cika ya tumbatsa, fetur ya malalo bisa inji mai zafi, kusa da wayoyin fulogi masu tartsatsi. Ba sai mun faɗi abin da zai biyo baya ba. Aikin kirki yana bukatar a cire wannan famfo a sa mai ƙaramin ƙarfi, ko a sa na'urar rage matsi mai mai da ragowar fetur tanki. Wasu dabarar da suke yi ita ce su matse tiyo da waya ko su cusa ƙusa a ciki domin rage gudun mai. Wannan ba ya rage matsi in allura ta rufe, jinkirta shi kawai yake yi. Akwai kuma wani abin da ba a cika lura da shi ba: kwamfuta ce ke kashe famfo da zarar inji ya tsaya. In aka cire ta aka ɗaura famfo ga makulli kai tsaye, ran da aka yi haɗari tiyo ya tsinke, famfo zai ci gaba da feso mai muddin makulli na kunne, mutane kuwa suna ciki.

Na biyu wuta. A yawancin motocin da aka yi daga shekarun 1990 zuwa yau, kwamfutar da ke awon mai ita ce kuma ke ba fulogi wuta a kan lokaci. In ta tafi, sai an nemo tsohuwar na'urar rarraba wuta mai juyawa, kuma injuna da yawa na baya-bayan nan ko gurbin da za a soka ta ba su da shi. Shi ya sa ake kai ga sauke inji dungum. Da an sauke kuwa sai wata rigimar ta taso: ƙafafun inji ba su dace da mazauninsu ba sai an yi walda, bakin giyabos bai hau ba, murfin iska na kafireto ya tokare bonet. Motar da giyarta ke canja kanta ta fi shan wuya, domin giyabos ɗin zamani yana jiran labari daga kwamfutar inji kafin ya san lokacin canji. In bai samu ba sai ya maƙale a giya ɗaya. Fankar lagireto, da agogon zafi, da na'urar sanyaya ɗaki, a motoci da yawa duk ta hannun kwamfuta suke bi. Mai rewaya zai yi ta yanka yana ɗaurewa, har a wayi gari ba wanda ya san wace waya ta nufi ina, shi kansa ma in an koma masa bayan wata shida ba zai tuna ba. Tukunyar tace hayaƙi, wadda makanikai ke wa laƙabi da "indomi" saboda kamannin cikinta, mai ɗanye zai toshe ta ko ya narkar da ita, in ma ba a riga an fasa an sayar ba, gama akwai ƙarafa masu tsada a ciki. Kada kuma a manta lambar inji tana cikin takardun mota. Wanda ya canja inji bai gyara takarda ba, ya tanadi bayanin da zai yi a shingen bincike.

Sai batun kuɗi, wanda ya fi damun ma'aikaci. Lokacin da lita take 'yan nairori, ba wanda ya kula ko mota ta ƙara sha. Tun da aka janye tallafin mai ranar 29 ga Mayu 2023, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 zuwa wajen 500 cikin 'yan kwanaki, kafin ƙarshen 2024 kuma ta haura 1,000 a wurare da dama. Mu ƙaddara, don misali kawai, mota tana shan lita 10 a kilomita 100, bayan an juya ta ta koma shan 12. Mai tafiyar kilomita 1,500 a wata ya ƙara lita 30 ke nan. In lita naira 900 ce, ya tashi naira 27,000 kowane wata, fiye da sulusin mafi ƙarancin albashi na naira 70,000 da aka sa wa hannu a 2024. Kuma ran da ya zo sayarwa, dillali yana buɗe bonet zai sare farashi.

Abin takaici shi ne, sau da yawa ciwon da ya sa aka yanke wa injekta hukunci ƙarami ne. Matatar mai ta toshe ba a canja ba. Famfo ya gaji saboda al'adarmu ta yawo da tanki kusan wayam, alhali man da yake nutse a ciki shi ke sanyaya shi. Ƙurar hunturu ta rufe na'urar awon iska. An wanke inji da ruwan famfo mai ƙarfi, ruwa ya shiga mahaɗin wayoyi. Akwai ma wanda da hannunmu muke jawowa: da mota ta iso sai a ce ƙasarmu da zafi, a cire abin da ke tsare ruwan inji har ya yi ɗumi, a ɗaure fanka ta yi ta juyawa ba tsayawa. Inji ya kasa kai zafin da aka ƙera shi ya yi aiki a kai, kwamfuta ta ɗauka har yanzu sanyin safiya ne, ta yi ta ƙara mai. Sa'an nan mai mota ya ce injekta shan mai gare shi. Motocin Amurka tun daga 1996, da na fetur na Turai tun daga 2001, duk suna da wata kafa a ƙarƙashin sitiyari inda ake soka na'urar bincike, motar da kanta ta faɗi inda ke mata ciwo. Ƙaramar irin wannan na'ura, wadda ke magana da wayar hannu, kuɗinta bai kai na cika tanki ɗaya ba.

Ba mu ce kafireto ya mutu ba. Yana nan a janareto, da injin ban-ruwa na fadama, da yawancin baburan da ke kai mu aji. Masu tseren motoci na NASCAR a Amurka ma ba su rabu da shi a babbar gasarsu ba sai 2012. Wanda ke da tsohuwar 504 a-kori-kura da ta zo da kafiretonta, ya riƙe abinsa ya kula da shi, ba mai ce masa ya canja. Haka nan motar farkon shekarun 1980 mai tsohon injekta wanda kayansa suka ƙare a kasuwa, in zaɓi ya zama ko a juya ta ko a sayar wa 'yan gwangwan, juyawar tana da ma'ana, da sharaɗin a canja famfo, a sa tiyo na fetur na gaske, a tabbatar famfo yana mutuwa tare da inji, a ajiye abin kashe gobara kusa da direba. Amma motar da aka yi daga ƙarshen shekarun 1990 zuwa yau, a ganinmu babu dalilin da zai sa a yi mata haka.

'Yan'uwanmu na sashen injiniya, akwai abin da ya rataya a wuyanmu a nan. Yaran da ke koyon aiki a garejojin da ke kewaye da wannan jami'a sun fi mu iya riƙe sifana nesa ba kusa ba, abin da ya gagare su karanta zanen wayoyi ne da fassara lambobin da na'urar bincike ke nunawa, kuma wannan a shekara ta biyu ake koya mana shi. Muna ba ƙungiyar ɗalibai shawara ta nemi izinin sashe a buɗe ɗakin gwaji ranar Asabar ɗaya a kowane wata, a gayyato su, su zo da motar da ta gagara, mu kuma mu zo da mita da na'ura, a buɗe bonet tare. Takardar sa suna tana wurin sakatare a bakin ƙofa.