Rumbun Ƙungiya Ba Na Sadaka Ba Ne

Maza da mata 'yan ajin yaƙi da jahilci, sannunku da zuwa.

Kowa ya san halin da manomi ke ciki a ƙasar Ƙauran Namoda, Shinkafi da Zurmi. Da kaka ya sayar da gero da araha don ya biya bashi. In damina ta yi tsakiya, sai ya je kasuwar Shinkafi ran Alhamis ya sayo geron nan da tsada.

Akwai dabara. Ku haɗa kuɗi ku sayi hatsi da kaka, ku ajiye, ku sayar wa mutanen garinku lokacin da abinci ya yi wuya. Amma ku ji da kyau. Rumbun da ya raba hatsi kyauta, shekara ɗaya zai yi ya mutu.

Mu ce kun sayi tiya naira 1,000. Ku ƙara kuɗin buhu, kuɗin dako, maganin ƙwari da ɗan abin da za a ba mai gadi. Kada ku manta da rabon ɓera, don zai ci nasa. Mu ce duka ya kama 1,200. In tiya ta kai 1,800 a kasuwa, ku sayar 1,500. Mai saye ya sami sauƙin 300. Ƙungiya ta sami ribar 300, ta ƙara a jarin baɗi. Bashi kuwa, ko ƙanin shugaba ne ya ci, a rubuta.

Jarin fa? Ba sai kun jira gwamnati ba. A 1991 ƙungiyar CARE ta fara tsarin Mata Masu Dubara a jihar Maraɗi, nan maƙwabtanmu. Mata ke zuba 'yan kuɗinsu mako-mako a akwati, da su suke sana'a. Tsarin ya bazu ƙasashe da yawa na Afirka. Ku ma ku sa wa akwatinku kwaɗo uku, mutum uku su riƙe makullan.

A 2021 gwamnatin Zamfara ta rufe kasuwannin mako saboda 'yan bindiga. In kasuwa ta rufe, hatsin da ke gari shi ne abincin gari. Sai dai kada ku tara shi wuri ɗaya, don ɓarayin daji suna ƙona rumbuna. Ku raba shi gida biyu ko uku.

Magatakarda ya fito daga cikinku, tun da kun iya rubutu. Kowane wata ya karanta lissafi gaban kowa.