Motsa Jiki a Lokacin Bazara ga Mai Fama da Ciwon Daji

 

A gidajenmu, da zarar an ce wane yana da ciwon daji, sai a shimfiɗa masa tabarma, a hana shi ko ɗaukar buta. Ƙauna ce ta kawo haka, babu musu. Amma doguwar kwanciya tana zaizaye tsokar jiki, tana kuma ƙara gajiyar da magani ya riga ya jawo.

A shekarar 2025 aka fitar da sakamakon wani bincike mai suna CHALLENGE, wanda aka jagoranta daga Kanada, a kan mutum 889 da suka kammala jinyar sankarar hanji. An raba su gida biyu. Wasu takardar shawara kawai aka ba su, wasu kuma aka haɗa su da mai horarwa har tsawon shekara 3. A gida na biyu, haɗarin dawowar cutar ko mutuwa ya ragu da kashi 28 cikin 100. Akasarinsu ba wani abu suka yi ba illa tafiya da ɗan sauri.

To mu fa, da bazararmu? Daga Maris zuwa Mayu, zafi a Sakkwato, Maiduguri da Yamai yakan haura digiri 40. Lafiyayye ma yaya ya ƙare, balle wanda amai da gudawar magani suka tsotse masa ruwan jiki? Maganin cisplatin yana wahalar da ƙoda, ƙarancin ruwa kuma yana ƙara mata nauyi. Fluorouracil da capecitabine suna sa fata ta kasa jure rana, haka ma wurin da aka yi wa gashi da na'urar asibiti. Abin da ya fi damuna shi ne paclitaxel da oxaliplatin, masu kashe ji a tafin ƙafa. Mutum zai taka simintin tsakar gida da rana ta gasa, ya ƙone bai sani ba. Don Allah, kada majinyaci ya taka ƙasa ba takalmi.

Shawarata ita ce a sauya lokaci, kada a daina. A fita bayan sallar asuba, a dawo kafin hantsi ya ɗaga. La'asar tana yaudara, domin rana ta yi sanyi amma ƙasa da bango suna fitar da zafin da suka sha. A fara da minti 10, a riƙa ƙarawa har a kai minti 30, sau 3 a mako. Iyayenmu mata da ba sa fita, zagayen tsakar gida ya wadatar, da tashi da zama daga kujera. Ma'aunin mai sauƙi ne: idan kana iya magana kana tafiya, ka ci gaba, idan numfashi ya hana ka, ka sassauta. A sha ruwa kafin ƙishi ya zo, a duba fitsari, in ya yi duhu ruwa bai isa ba. Jiri, ciwon ƙirji ko bugun zuciya mai tsanani, a tsaya nan take. Wanda cutar ta taɓa masa ƙashi, ko jininsa ya yi ƙasa sosai, ya fara tambayar likitansa.

Ga wani abu da nake roƙon ku riƙe. Kwana 7 zuwa 14 bayan an karɓi maganin ciwon daji, ƙwayoyin jinin da ke yaƙar cuta suna raguwa ƙwarai. Idan jiki ya kai digiri 38 a wannan tsakanin, kada a ce zafin gari ne, kada a je kemis a sayo maganin cizon sauro. Asibiti za a nufa a ranar, ko da cikin dare ne.

Ma'aikatan lafiya kuwa, idan kun rubuta wa majinyaci ranar dawowa, ku rubuta masa minti nawa zai yi tafiya, da ƙarfe nawa. Ku faɗa a gaban mai jinyarsa, domin shi ne zai bar shi ya tashi ko ya hana shi.