IDAN BASHI YA KAI WUYA: A DAIDAITA BIYA KO A SALLAMA WA KOTU?

Kwamitin shirya taro ya nemi in yi magana kan bashi. Na lura tun da aka karanta kan maganar kowa ya sunkuyar da kai yana duba takalminsa. Ba komai, Hausawa sun ce bashi hanji ne, yana cikin kowa. Ba zan yi wa'azin a guji cin bashi ba, don wanda nake magana dominsa ya riga ya ci, abin da ake binsa ya fi ƙarfin albashinsa, kuma yana neman mafita.

Kowa ya san yadda aka zo nan. An cire tallafin man fetur ranar 29 ga Mayu 2023, hauhawar farashi ta kai kashi 34.8 cikin ɗari a Disambar 2024, kuma a ƙarshen wannan shekarar ma'aunin ruwan Babban Bankin Nijeriya ya kai kashi 27.5. Mafi ƙarancin albashi ya koma Naira 70,000 a 2024, amma buhun masara bai jira shi ba. A ofisoshinmu na gwamnati ana ganin takardar albashin da banki ya yanka, ƙungiyar gama-kai ta yanka, kamfanin ba da rance ya yanka, abin da ya rage ba zai kai mutum goma ga wata ba.

Hanyoyin fita biyu ne. Ko dai mutum ya zauna da masu binsa a sake tsara yadda zai biya, ko kuwa a kai ga hukuma ta bayyana cewa ya karye, ta karɓe abin da ya mallaka ta raba musu. Kafin a zaɓi ɗaya, sai an yi lissafi, kuma a nan zan daɗe, domin yawancinmu da tsoro muke yanke shawara, ba da alƙalami ba.

Alal misali, a ce ana bin mutum Naira miliyan ɗaya da rabi, da ruwan kashi 3 cikin ɗari a wata kan abin da ya rage. Ruwan watan farko kaɗai Naira 45,000 ne. Idan yana iya biyan 50,000 a wata, to 5,000 kacal ta taɓa uwar kuɗin. A haka sai ya yi kusan wata 78, wato shekara shida da rabi, ya biya wajen Naira miliyan 3.9 kafin ya fita. Idan ya matse ya kai 60,000, zai gama a wata 47. Amma da za a tsayar masa da ruwan, da 50,000 ɗin nan zai gama a wata 30. Kun ga ke nan abin da ya kamata mutum ya nema a wurin sulhu shi ne a tsayar da ruwa da tara, ko a rage su. Ma'aikacin banki zai fi son ya ƙara maka wa'adi, ya ce ya sauƙaƙa maka, alhali ƙarin wa'adi ba tare da rage ruwa ba ƙarin kuɗi ne a aljihunsu. Haka kuma a tambaya ko ruwan a kan ragowar bashi ake lissafa shi ko a kan uwar kuɗin farko har a gama. Kashi 5 a wata kan Naira miliyan ɗaya, idan na biyun ne, Naira 600,000 ne a shekara, ko da ka biya rabin kuɗin tun wata na shida.

Ma'aunin da nake bai wa mutane shi ne: a cire abinci, da haya, da kuɗin makaranta, da magani, da kuɗin mota zuwa aiki. Abin da ya saura shi ne gaskiyar abin da za a iya biya. Dokar Ƙwadago ta hana a yanke wa lebura ko ƙaramin ma'aikaci fiye da sulusin ladansa na wata, kuma ko ga waɗanda dokar ba ta shafa ba, sulusin nan ma'auni ne mai kyau. Idan abin da ya saura zai kashe bashin cikin shekara huɗu ko biyar, hanyar daidaita biya ta wadatar. Idan ko ruwan bai rufe ba, tsarin biya yaudarar kai ne, sai dai a yafe wani ɓangare ko a sayar da kadara.

Amfanin sulhu a fili yake. Asirin mutum a rufe, gidansa da gonarsa suna hannunsa, aikinsa bai taɓu ba. Rauninsa kuma shi ne bai ɗaure kowa ba sai wanda ya sa hannu. Idan mutum biyar ke binka, huɗu suka yarda, na biyar yana da ikon ya kai ka ƙara gobe. Don haka duk abin da aka amince a rubuta shi, a sa shaidu, a bayyana adadin da ya rage da ranar ƙarshe. In da hali a kai shi zauren sulhu na kotu, irin waɗanda ake da su a Kano da Abuja da Legas, domin yarjejeniyar da alƙali ya tabbatar ta zama hukunci. Ko bayan an yanke wa mutum hukuncin biya, yana iya roƙon kotu ta ba shi damar biya kaɗan-kaɗan.

Kada kuma wani ya ce zai tsere ta hanyar sauya banki. Tun ranar 1 ga Agusta 2020 Babban Banki ya fara aiki da tsarin GSI, wanda ya ba bankin da ke binka damar bin lambar BVN ɗinka ya kwashi uwar kuɗi da ruwansa daga asusunka na wasu bankunan. Ga kuma kamfanonin ajiye tarihin bashi, waɗanda dokar 2017 ta ƙarfafa. Sunan da ya ɓaci a wurinsu ya ɓaci a kowane banki.

To, yanzu hanya ta biyu. Nijeriya tana da dokar karayar arziki ta 1979, wadda aka yi wa gyara a 1992, kuma Babbar Kotun Tarayya ce ke da hurumin sauraron irin wannan shari'a. Mai bin bashi yana iya shigar da ƙara, wanda ake bi ma yana iya kai kansa. Kotu ta ɗora wani jami'i a kan dukiyarsa, a tara masu binsa, ko su karɓi tayin da ya yi na biyan wani kaso, ko a ayyana shi karyayye a sayar a raba. Don ku san tsufan dokar, mafi ƙarancin bashin da ta ambata don shigar da ƙara Naira 2,000 ne, kuɗin da a yau ba zai sayi kwanon shinkafa ba. Ba kasafai ake bin wannan hanya ba a ƙasar nan, kuma dalilin bai ɓuya ba. Akwai kuɗin lauya, akwai jan lokaci, ga kuma abin da ke biyo baya. Tsarin mulkin 1999, a sassa na 66 da 107 da 137 da 182, ya hana karyayyen da kotu ba ta sallama ba tsayawa takarar majalisa ko gwamna ko shugaban ƙasa. Dokar kamfanoni ma ta hana shi zama darakta. Masu shirin siyasa a cikinmu, na ga kuna da yawa a sahun gaba, sai ku riƙe wannan.

Mu ma'aikatan gwamnati namu ya fi tsanani. Dokokin aikin gwamnatin tarayya, bugun 2008, sun lissafa karayar arziki da mummunan nutsewa cikin bashi a jerin manyan laifuffuka, wato irin waɗanda kan kai ga kora. Albashin nan shi ne kaɗai abin da masu bin ma'aikaci suke sa rai a kai. Hanyar da za ta raba shi da albashin ba ta amfane shi ba, ba ta amfane su ba. A ganina ma'aikaci ba shi da abin yi a kotun karaya sai in an ja shi can.

A fikihun Malikiyya, wanda kotunan shari'a na jihohinmu suke bi, abin ana kiransa taflisi. Idan bashi ya rinjayi dukiya, masu bi suka nema, alƙali ya hana mutum taɓa dukiyarsa, bashin da lokacinsa bai yi ba ya zama na nan take, a sayar a raba gwargwadon abin da kowa ke bi, a bar masa abin ci da tufafi. Wanda ya sayar masa da kaya ya tarar da su yadda suke yana iya ɗaukar abinsa. Amma a lura, ragowar bashin ba ya faɗuwa. Ana yi wa mutum jinkiri har ya samu, sannan ya biya. Wanda bashi ya danne kuma yana cikin waɗanda zakka ta halatta gare su.

Na kawo wannan ne don 'yan'uwanmu da ke Ingila, waɗanda wasunsu kan kira su ce ai can gwamnati na yafe bashi. Gaskiya can an shimfiɗa matakai. Akwai tsarin biya na sulhu wanda ƙungiyoyin agaji irin su StepChange ke shirya wa mutum kyauta. Tun 2021 akwai hutun kwana 60 da ake tsayar da ruwa da matsin masu bi don mutum ya nemi shawara. Akwai yarjejeniyar IVA, wadda kan ɗauki shekara biyar ko shida. Idan masu kashi 75 cikin ɗari na bashin, daga cikin waɗanda suka yi ƙuri'a, suka yarda, ta ɗaure sauran, kuma abin da ya rage a ƙarshe ya faɗi. Akwai umarnin sassauci na DRO ga marar kadara, wanda daga 2024 ya shafi bashin da bai wuce fam 50,000 ba, ga wanda rarar kuɗinsa ba ta wuce fam 75 a wata ba. Bayan wata 12 an wanke shi. Sai cikakkiyar karaya, wadda ita ma yawanci ake sallamar mutum bayan shekara ɗaya, amma gidansa na iya tafiya. Tabon waɗannan ukun na ƙarshe yana zama shekara shida a tarihin bashin mutum. Wanda ke can kada ya biya kamfani kuɗi kan shawarar da ake bayarwa kyauta, kuma ya yi hattara da masu tura kowa IVA, don a nan suke samun lada. Mu nan ba mu da irin waɗannan matakan tsakiya masu sauƙi da arha. Dokar kamfanoni ta 2020 ta kawo irinsu, amma ga kamfanoni.

Saboda haka mafi yawanmu sulhu ne hanyarmu, sai a yi shi da tsari. A fara kare abin da rashinsa zai rusa gida, wato haya da duk bashin da aka jinginar da gida ko gona a kansa. Sannan a fuskanci mai ruwa mafi tsada. Wanda yake da fili a bayan gari ko mota ta biyu, gara ya sayar da hannunsa a farashin kasuwa kafin kotu ta yi gwanjonsu. Haɗe basussuka wuri ɗaya yana da amfani idan sabon ya fi arha, kamar a karɓa daga ƙungiyar gama-kai ta ofis a kashe na kamfanin rance. In ba haka ba, rami ne aka haƙa don cike rami. Kuma a sanar da wanda ya tsaya wa mutum tun da wuri. Garanto ba shaida ba ne, shi za a kama da biya, kuma ko an ayyana mai bashi karyayye, wuyan garanto bai fita ba. Zumunci da yawa ya mutu a nan, har tsakanin 'yan aji ɗaya.

Abubuwa biyu na doka da ya kamata kowa ya sani. Bashi ba laifi ba ne da za a kama mutum a kansa. Dokar gudanar da shari'ar laifuffuka ta 2015 da dokar 'yan sanda ta 2020 duk sun hana kama mutum saboda saɓa yarjejeniya kawai. Amma ba da cekin da babu kuɗi a bayansa laifi ne a ƙarƙashin dokar 1977, hukuncinsa ɗaurin shekara biyu. Don haka wanda ake matsa wa ya rubuta ceki mai kwanan wata na gaba don a ƙyale shi, ya san yana iya mayar da maganar bashi ta zama ta gidan yari. Su kuma kamfanonin rance na waya masu aika saƙon cin mutunci ga dangin mutum da abokan aikinsa, hukumar kare masu sayayya ta FCCPC ta sa musu ƙa'ida tun 2022, ana kai mata ƙara. Cin mutuncin bai soke bashin ba, bashin kuma bai halatta cin mutuncin ba.

Ina da roƙo ga shugabanni. A cikin ƙungiyar nan akwai lauyoyi, akwai akantoci, akwai ma'aikatan banki, akwai alƙalai. A ware mutum uku daga cikinsu ƙarƙashin kwamitin jin daɗi, waɗanda ɗan'uwa zai je wurinsu a asirce da takardunsa, su yi masa lissafi, su rubuta masa wasiƙar neman sulhu, in ta kama su raka shi banki. Ba sai an taɓa asusun ƙungiya ba. Ina neman sakatare ya sa wannan a ajandar zaman gobe.